Hannun Makitsiyar Kajiji

Ranar kasuwar da ta wuce wani matashi cikin masu haya da mashin ya tsaya a bakin zaurena, yana kallona ina ɗaure wa wani manomi hannu. Da na gama sai ya ce, "Baba, ashe ɗori bai da wuya. Ja na da ɗamri, sai tohi." Abokansa suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Wai ya gani a waya, wai in na ba shi wata biyu zai ƙwace mini kasuwa. Ban ji haushinsa ba, don ni ma da nake shekarunsa haka na ɗauka. Amma tunda kun fara zuwa kuna cewa a koya muku, to ku zauna ku ji. Zan ba ku labarin hannu ɗaya, hannun dama na surukata Hajo, makitsiya ce a Kajiji, da shi take ci da kanta da marayunta. Sai dai kafin in kai can dole ku san yadda aka koya mini aikin, in ba haka ba ba za ku gane inda na yi kuskure ba.

Mahaifina maɗori ne a nan Bodinga, shi ma a wajen mahaifinsa ya gada. Shekara bakwai na yi a gabansa bai bar ni na taɓa ƙashin mutum ba. Aikina feƙe karan dawa, in daidaita tsawonsa, in saƙa shi da zare ya zama kamar 'yar tabarma, in wanke ƙyalle, in narka man shanu. In aikin ya yi girma a ce in danne majinyaci. Ɗorina na farko ƙafar akuyarmu ce, kuma sai da Baba ya kwance shi sau uku yana cewa in sake, akuya tana ihu ina gumi.

Wata safiya ya ja ni mahauta, ya sayi ƙafar gaba ta bunsuru ya ce kada a feɗe. Muka zauna a gindin bishiyar bedi ya sa wuƙa ya buɗe ta a hankali. Ya nuna mini jijiyar jini, ya nuna mini agara mai tauri wadda ke jan gaɓa. Sannan ya sa tsinke ya ɗago wani farin abu siriri, mai laushi, wanda da ni kaɗai ne da na yar da shi a matsayin kitse.

"Dubi wagga da kyau," in ji shi. "Ita ka kai saƙo. Da ita mutum ka motsa yatsa, da ita shika jin wuta. Ƙashi ko ba ka iya ba shina haɗewa. Wagga in ka bari ta mutu, icce kaɗ ɗora ma mutum, ba hannu ba."

Daga ranar ya fara nuna mini hanyoyinta a jikin mutane. Manya uku ne suke sauka zuwa hannu. Ɗaya tana zagaye ƙashin damtse ta baya, ita ke ɗaga wuyan hannu. Ɗaya tana bi ta tsakiya. Ta ukun tana bi ta bayan ƙululun gwiwar hannu na ciki, daidai wurin nan da in kun buge shi da ƙofa kuke jin wani abu ya tsarga har ƙaramin yatsa, kuna tsalle kuna salati. Ita ce ke buɗe yatsu ta haɗe su, ita ce kuma ke ba ƙaramin yatsa ji. Saboda su ne Baba ya kafa mini doka: kafin kara ya hau hannun mutum, tambaya biyu za a yi. Ta farko motsi, a ce ya buɗe yatsu, ya haɗe, ya ɗaga, ya riƙe. Ta biyu ji, a ɗauki ƙayar aduwa a taɓa kan kowane yatsa, ɗaya bayan ɗaya, mutum ya kau da kai, ana tambayarsa ko ya ji. Har yau akwai ɗan gwangwani na ƙayar aduwa a aljihuna, ya fi kowane kayan aikina arha.

Wani makiyayi daga wajen Shagari shi ne ya fara fito da sunana bayan rasuwar Baba. Bijimi ya make shi da bango ya karya masa damtse. Da aka shigo da shi na ga wuyan hannun ya langaɓe, na ce ya ɗaga ya kasa. 'Yan'uwansa suna ta cewa in ɗaure in ɗaure, na ce su dakata. Na gaya musu a gaban kowa cewa ƙashin zai haɗe, amma hannun nan da ya faɗi jijiya ce ta bugu, zai ɗauki watanni, kada gobe a ce ɗaurina ne. Na yi masa ɗori sako-sako, na sa ɗan allo a ƙarƙashin tafin don kada ya sandare a lanƙwashe. Wata na huɗu ya dawo yana ɗaga mini hannu tun daga bakin titi, da ƙwaryar nono a ɗaure a bayan keke.

Masu zuwa wajena iri-iri ne. Akwai wanda zai yi kwana goma da karaya a gida yana shafa mai, sai ya kumbura ya yi baƙi sannan a kawo shi. Akwai wanda zai kwance ɗori ranar biki don rigarsa ta zauna daidai. Akwai mai zuwa da hoton ƙashi daga asibiti yana ɓoye shi a hammata, yana tsoron kada in yi fushi, alhali ni hoton nan sauƙi yake kawo mini. Karayar da ƙashi ya huda fata ba na taɓa ta, mota nake sa wa a nemo. Kuma ban taɓa karya ƙafar kaza don a ce tana warkewa mutum yana warkewa ba, kazar ba ta yi mini laifin komai ba. Na yi shekara talatin da wani abu a haka, ba a taɓa yanke hannun da na ɗora ba. Na kuwa riƙa faɗin haka a majalisa, fiye da yadda ya kamata.

To, Hajo. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, babbarsu Sa'a, ita ce ɗana Bello ya aura. Ba gona gare ta mai yawa ba, ba shanu, tsinken kitso kawai. Amma duk amaryar da ta amsa sunanta daga Kajiji har cikin Shagari, a gabanta take zama. Matata Asabe ta ce in Hajo ta yi ƙananan zane, sai ka rantse da zare aka ja layin. Sallah saura mako uku mata suke fara kama layi a gidanta.

Tsakanina da ita kuwa sai kunya. Ku yaran yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane ba. Tun da aka ɗaura auren 'ya'yanmu ban taɓa kallon fuskarta sosai ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. In muka haɗu a taro, daga nesa za ta durƙusa ta juya kai, in amsa ina kallon ƙasa. In akwai magana, Asabe ce ke kai ta ta kawo. Haka muka tashi muka ga ana yi, kuma ba mu ɗauke shi wahala ba, girmamawa ce.

Ƙarshen damina aka ɗauko ta a mashin za ta wani ƙauye kitson amarya. Hanyar duk laka, mashin ya zame, ta sauka a kan gwiwar hannun dama. Bello ya samo mota ya kawo ta Bodinga da hantsi. Ba a shigar da ita zaure inda nake aiki ba, ɗakin Asabe aka kai ta, aka lulluɓe ta da zane tun daga kai, hannun kawai aka bari a waje. Na daɗe a bakin ƙofa ina gyaran murya kafin na shiga.

Taɓa gwiwar dole ne, wannan ba yadda za a yi. Na lalubo karayar a ƙululun ciki, guntun ƙashin yana motsi a ƙarƙashin yatsana. Nan take na san jijiya ta uku tana daidai wurin, don haka na juya wajen Asabe.

"Ce mata ta buɗe yatsu."

Ta buɗe.

"Ta haɗe su."

Ta haɗe. Ƙaramin ya ɗan yi nawa, na ce a raina kumburi ne.

"Ba ta karan ga ta riƙe tsakanin babban yatsa da manuni."

Ta riƙe, na ja, ba ta saki ba. Hankalina ya kwanta. A abin da Baba ya koya mini, da abin da na gani da idona shekara talatin, in jijiyar nan ta matsu a gwiwa yatsu ba sa yin haka. Saura tambaya ta biyu. Na sa hannu a aljihu na taɓa gwangwanin, sai na tsaya. Yaya zan kama yatsun uwar matar ɗana ɗaya bayan ɗaya, ina tsira mata ƙaya, ina tambayarta har sau biyar ko ta ji? Kunya ta rufe ni. Na ce ai motsi ya riga ya ba da amsa, na zare hannuna daga aljihu ba komai a ciki.

"Tambaye ta ko akwai inda ba ta ji," na ce wa Asabe, don dai in sauke nauyi.

Daga cikin zanen murya ta fito can ƙasa. "Lahiya lau. A ce ma Malam an gode."

Na ja hannun na mayar da ƙashin na ɗaure. Ko uffan ba ta ce ba, ko numfashinta bai canza ba, alhali na sha ganin ƙarti suna kiran iyayensu a wannan jan. Asabe ta yi ta yabon dauriyarta. Mako shida ta yi a gidanmu. Duk lokacin sake ɗauri Asabe ce ke yi, don ta daɗe tana ganin aikin, ni ina tsaye a ƙofa ina faɗa mata inda za ta matsa da inda za ta sassauta. Kullum in ce a tambaye ta, kullum amsar ɗaya, lafiya lau, an gode. Ƙashi ya haɗe sumul, gwiwa tana miƙewa tana lanƙwashewa. Ta koma Kajiji, ni kuwa na ƙara shi cikin abin da nake cika baki da shi.

Sai lokacin dashen albasa, wata huɗu ke nan, Asabe ta same ni a zaure bayan azahar ina feƙe kara. Ba ta saba shigowa nan ba. Ta tsuguna ta ce Sa'a ta dawo daga ganin gida tana kuka.

"Wai uwatta ta ƙone ga ƙaramin yatsa, bakin tukunya ya ci shi har nama, ba ta sani ba sai da taj ji ƙauri. Wai kuma yatsu biyu sun hwara lanƙwashewa. Tun da tak koma ba ta gama kan mutum guda ba."

Na miƙe zumbur. Ban ƙarasa karan ba, na hau bayan mashin ɗin Bello, Asabe ta bi mu a wani, muka nufi Kajiji.

A ranar na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ce wa Asabe ta shiga ta roƙar mini izini, da kaina zan duba. Hajo ta zauna bayan labule ta miƙo hannun. Na matsa kusa na duba shi. Gefen tafin ya zube, naman wurin ya tsotse. Ƙaramin yatsa da mabiyinsa sun tanƙware, ga gyambo a kan ƙaramin. Na buɗe gwangwanin na ɗauki ƙaya.

"Inna, ki yi mani gahwara. In kin ji ki ce kin ji."

Shi ne karo na farko da na yi mata magana baki da baki. Na taɓa babban yatsa, ta ce ta ji. Manuni, ta ji. Na tsakiya, ta ji. Mabiyin ƙarami, ta ji a gefe ɗaya, ɗaya gefen shiru. Na taɓa ƙaramin, shiru. Na danna har jini ya ɗan tsattsafo, tana nan tana jira in fara.

"Tun yaushe?" na ce.

Ta amsa daga bayan labulen. "Tun ranar da nif faɗi."

"Subhanallahi! Inna, don mi ba ki hwaɗi ba? Kullum ana tambayakki."

"Malam, ƙaƙa za ni yi? Ina kwance ɗakin matakka, ina cin tuwonku. In buɗe baki in ce ma uban mijin ɗiyata aikinai bai yi ba? Nic ce halan shina dawowa."

Na rufe gwangwanin. Ita kunya ta hana ta faɗa, ni kunya ta hana ni tambaya, amma ni ne mai sana'ar, ni aka koya wa doka.

Washegari muka kai ta babban asibiti a Sakkwato. Na shirya wa zagi, don na san abin da likitoci suke faɗa a kanmu, kuma wani lokacin da gaskiyarsu. Likitan da muka samu matashi ne, bai kai Bello ba. Ya duba hannun, ya sa aka yi hoto, aka kuma kai ta wani ɗaki aka manna mata wayoyi ana sa mata 'yar wuta kaɗan-kaɗan a gwiwa da wuyan hannu. Da sakamako ya fito ya ce a kira wanda ya yi ɗorin. Na shiga na cire hula a raina, ko da yake tana kaina.

"Baba, mi kunka gwada kahin ku ɗamre?" ya tambaye ni.

Na faɗa masa duka, buɗe yatsu, haɗewa, riƙe kara. Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki takarda ya zana hannu, ya ja layi biyu daga kafaɗa, ɗaya ta tsakiya, ɗaya ta bayan gwiwa. Sannan a ƙasan gwiwar ya ja wani ɗan gajeren layi ya haɗa su.

Ya ce jijiyar ta maƙale ne tsakanin guntun ƙashin da uwarsa tun ranar faɗuwar, ƙashin kuma ya haɗe ya riƙe ta a ciki. A yawancin mutane da hakan ta faru yatsu za su daina buɗewa nan take, kowa ya gani. Amma Allah bai shimfiɗa jijiyoyin nan iri ɗaya a kowa ba. Akwai mutanen da wani reshe yake ballewa daga ta tsakiya, a ƙasan gwiwa, ya tsallaka ya shiga ta ukun. Ba kowa ba ne, amma ba a rasa su, kuma mutum zai rayu ya mutu bai san yana da shi ba. Hajo tana cikinsu. Don haka saƙon motsi ya riƙa zagayowa ta wannan reshe yana isa wasu yatsun, hanya kuwa a toshe take a sama. Na gane shi nan da nan, don ko a fadama haka ne, mai albasa yakan yanko ruwa daga hanyar maƙwabcinsa, ka ga wani fangalin shukarsa shar ba ka san tasa hanyar ta rushe ba. Sai dai reshen motsi kawai yake ɗauka, shi ma ba duka ba. Ji ba ya bi ta nan.

"Ko mu nan shina ruɗinmu," in ji likitan. "Gwajin da kunka yi daidai na. Kun gwada ji?"

Na ce a'a.

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu. Da ya daka mini tsawa da na fi jin daɗi. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi, da an kawo ta a makon farko fa? Ya ce Allah ne masani, amma jijiya ba ta son jira, wata huɗu a matse lokaci ne mai yawa. Za su buɗe su ciro ta su sauya mata wurin kwanciya. Bayan nan sai haƙuri, don a hankali take tsirowa, shekara ko fiye kafin a san abin da zai dawo da wanda ba zai dawo ba.

Aka yi aikin lafiya. Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata a sana'a. Labari ya bazu daga Kajiji har Dingyaɗi, wai maɗorin Bodinga ya kashe hannun surukarsa. Masu ƙari suka ƙara, har da masu cewa akwai jiƙaƙƙa a tsakaninmu, da gangan ne. Ƙafa ta ɗauke daga zaurena. Sai in yi mako biyu ban ga ko targaɗe ba, karan da na feƙe ya bushe gara ta cinye. Na koma gona na riƙe gero da hannu biyu. Abokai suka ba ni shawara in ce ƙaddara ce, in ce likita da kansa ya ce halittarta daban ce. Gaskiya ne ya faɗa, amma ba shi ne dukan gaskiyar ba. Duk wanda ya tambaye ni na ce masa tambaya biyu aka koya mini, ɗaya na yi.

Wani Alhaji mai albasa daga Dingyaɗi ya kawo matarsa cikin wannan shekarar, ta zame a bakin rijiya ta karye a wuyan hannu. Ina cikin tsananin bukatar aiki a lokacin. Ya tsaya tsakanina da ita ya ce duk abin da zan tambaya in gaya masa ya gaya mata. Na ce, "Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri. Ni za ni tambaya, ita za ta amsa, kana tsaye kana gani. In ba ka yarda ba, ga hanyar Sakkwato nan." Ya hura hanci, ya fita har bakin mota, ya dawo ya ce in tambaye ta. Tun daga nan ba na sake karɓar amsa ta bakin wani, ko matar hakimi ce. Kuma in mutum ya ce mini lafiya lau da sauri, shi nake fi tsayawa a kansa.

Ita kuwa Hajo, duk abin da likita ya ce ta yi, ta yi. Ana gasa mata hannun da ruwan zafi safe da yamma, tana matsa ƙwallon tsumma, Bello yana kai ta Sakkwato duk lokacin da aka sa. Sa'a ta ce ta ɗaura zaren buhu a jikin turken akuya, tana zama tana kitsa shi tana warwarewa, don kada hannun ya manta. Gyambon ya warke. Yatsun sun ɗan saki, amma ba su miƙe ba. Matan da suke layi a gidanta suka koma wajen Lami, wata maƙwabciyarta da ita Hajon ta koya wa kitso tun tana budurwa. Ba wanda zai ga laifinsu, biki ba ya jiran kowa.

Asabe ce ta fahimtar da ni abin da ke hana ta, don ni ban san kitso ba. Ta ce yatsu uku na gaba su ke saƙawa, amma biyun baya su ke riƙe gashin da ke jiran a ɗauko shi. Makitsiya ba ta kallonsu, ji take yi gashin yana nan ko ya suɓuce. In ba ji, sai ta riƙa tsayawa tana dubawa a kowace saƙa, kafin ta duba ɗaya ɗayan ya zame.

Da shekara ta zagayo da 'yan watanni, azumi ya yi nisa, Asabe ta ce mini Hajo ta aiko. Tana so ta gwada kan mutum, amma tana jin nauyin ta ɓata wa wata kai a bakin Sallah.

"Ni za ni," in ji Asabe. "In ya ɓaci kaina na."

Ta tafi da sassafe, Sallah saura kwana uku. Na wuni a zaure ban iya komai ba. Duk mashin ɗin da ya tsaya sai in leƙa. Kitson da Hajo take gamawa tsakanin hantsi da azahar, har aka yi la'asar shiru. Rana ta yi ja sannan Asabe ta shigo, ta wuce ni. Na bi ta cikin gida. Ta zauna a kan turmi ta zame ɗankwalinta.

Daga kunnen hagu har ya wuce tsakiyar kai, layukan suna tafiya suna karkacewa, wani kauri wani siriri, gashi ya tsattsago ta ko'ina. Daga nan zuwa kunnen dama kuwa tsaf, ƙanana, a miƙe.

"Wanga nata na," in ji Asabe, ta dafa hagun. "Tun hantsi har anka yi la'asar. Ta kitsa ta warware, ta kitsa ta warware. Can sai tat tsaya, tac ce a kira mata Lami. Lami ta ƙarasa wanga gehen. Da Lami tag gama ta maido mata tsinkenta, sai tac ce ma Lami a'a, ki riƙe, naki na."

Na ce, "Bari gobe a warware a sake maki, ba ki zuwa Idi hakanga."

Ta ɗauki ɗankwalin ta mayar ta ɗaura. "Ba a warware shi."

Da ƙyar na tambaye ta ko Hajo ta ce wani abu.

"Tac ce a gaishe ka. Tac ce in hwaɗa maka ƙashin ya ɗoru da kyau, ko da damina bai yi mata ciwo ba."

Wallahi da zagi ta aiko mini da ya fi mini sauƙin ɗauka. Na koma zaure na zauna, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba.

Da wannan kitson Asabe ta yi Sallah, ta je Idi, ta zaga dangi. Mata suna tsokanarta wace makauniya ce ta yi mata, ba ta tanka ba, ba ta kuma bari kowa ya taɓa shi ba har ya warware don kansa. Hajo tana nan Kajiji, ƙuli-ƙuli take yi yanzu tana bayarwa a kai kasuwa. Ba ta sake kitsa kan kowa ba.